Dabo-dabo: Abincin Mai Wasan 'Yar Tsana

Dabo-dabo wasan 'yar tsana ne da aka sani a ƙasar Hausa da Borno. Mai wasan kan kafa babbar riga bisa sanduna, ya ɓuya ciki, yana fito da 'yan tsana ta wuyanta.

Ba shi da albashi. Abincinsa yana hannun 'yan kallo a kasuwa ko biki, da damina kuma gona, kamar sauran makaɗan karkara. A Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda, hare-haren 'yan bindiga sun taɓa hanyoyin biyu: gonaki da dama sun gagari masu su, a 2021 kuma gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako.

Talabijin wata ƙofa ce. A 2011 NTA ta fara nuna shirin yara na 'yan tsana, Sesame Square.