Palani

Palani (suna, mace) Gari ne a gundumar Dindigul ta jihar Tamil Nadu, kudancin Indiya, wanda mabiya addinin Hindu ke ziyarta don ibada. Darajarsa ta fito daga haikalin da ke kan dutsen garin, ɗaya daga cikin gidaje shida na abin bautarsu Murugan. A nan an siffanta shi da yaro mai aski ƙwal, riƙe da sanda. Masu bauta sun ce fushi ya kawo shi dutsen, bayan ɗan'uwansa Ganesha ya rigaye shi samun wani ɗan itace.

Matakala kusan 700 ce zuwa sama. Marasa ƙarfi sukan hau keken da igiya ke ja. Da yawa kan aske kai, su shafe shi da niƙaƙƙen sandal. Lokacin bikin Taipusam, tsakanin Janairu da Fabrairu, dubban mutane ke takowa kwana da kwanaki ba takalmi, ɗauke da kavadi, wani kayan ibada, a kafaɗa. Akan komo gida da pancamirtam, haɗin ayaba, mazarƙwaila, man shanu da zuma.

Misali: *Sun tafi Palani cika alwashi.*