Daga Akushin Sallah Zuwa Kwanon Kullum

Hausawa kan ce Sallah bikin ɗaya rana ce, kuma tarihin cimarsu ya gaskata wannan magana. A zamanin da Heinrich Barth ya shiga Kano, a shekarar 1851, abincin yawancin gidaje bai wuce tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa ba, sai fura da nono da rana. Daddawa ce ke ƙamsasa miya. Gishiri kuwa ayarin raƙuma ke ɗauko shi daga Bilma, don haka uwargida ba ta zuba shi da garaje. Funkaso da alkaki da nama har a ƙoshi, sai ranar idi ko ranar biki.

Ko soye-soyen Babbar Sallah ma suna da dalilinsu. A lokacin da babu firji, ana soya naman layya ya bushe, ko a yi dambunsa, domin ya daɗe bai lalace ba. Kafin a kai ga haka, an riga an miƙa wa maƙwabta da mabuƙata nasu kason. Ke nan abin da ya rage a gida kaɗan ne, kuma ana cinsa a hankali, tsawon makonni.

Sauyi ya faro ne da isowar titin jirgin ƙasa Kano a 1911, wanda ya buɗe wa kayan Turawa hanya, har da sukari. Ya ƙara ƙarfi a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka cika kasuwanni da shinkafar waje da fulawa. Sannu a hankali dunƙulen Maggi ya ture daddawa gefe, lemon kwalba ya zauna a gurbin kunun zaƙi. Abin da a da ake jira shekara guda kafin a ɗanɗana ya zama kalaci.

A nan matsalar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Gidan da ke wuce wannan ma'auni kullum, yana haɗawa da mai da sukari, ba ranar Sallah ce ke kai dattawansa layin masu hawan jini da ciwon suga ba, sauran kwanakin shekara ne.

Saboda haka mafita ba ta cikin hana maigida tsokar ragonsa, ko hana yara cincin. Tana cikin dawo da tazarar da magabata suka bari tsakanin biki da yau da gobe: a raba naman layya da yalwa, a mayar da gero da zogale da daddawa cikin tukunyar kullum, a bar suya ta jira ranarta. Wanda ya riga ya kamu da cutar kuwa, ko ranar idi sai ya bi ƙa'idar likitansa, kuma haƙƙin mai girki ne ta ware masa nasa kwanon.