Daga Kotso Zuwa Fiyano: Yadda Ƙungiyar Makaɗa Ta Koma Cikin Akwati Guda

Duk ma'abocin tarihin kiɗa a ƙasar Hausa ya san cewa yankin nan na arewacin Zamfara, wanda ya haɗa Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi da garuruwansu irin su Birnin Tsaba da Magarya da Badarawa, ƙasa ce da Allah Ya hore wa makaɗa waɗanda har yau, bayan ƙasa ta daɗe da rufe idanunsu, ba a gushe ba ana nazarin zancensu a jami'o'i. A Tubali aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960 ya bar waƙarsa Bakandamiya tana gagarar na baya. A Magarya ta ƙasar Zurmi kuwa aka haifi Kassu Zurmi, wanda kalangunsa ke tsima 'yan tauri da mafarauta. A maƙwabta ga Musa Ɗanƙwairo Maradun da ya rasu a 1991, ga Sa'idu Faru, ga Salihu Jankiɗi mai taushi. Amma a yau, idan aka yi biki a ɗaya daga cikin garuruwan nan, sautin da ya fi yawan fitowa daga lasifika ba na fata da icce ba ne, na wani akwati ne mai aiki da lantarki wanda jama'a ke kira fiyano, kuma ya cancanci a san asalinsa, da hanyar da ya biyo, da abin da ya zo da shi, da abin da ya tafi da shi.

Ba a gane girman wannan canji sai an tuna yadda ƙungiyar makaɗa take a da. Makaɗin fada ba ya tafiya sai da jama'arsa: shi ne jagora mai ɗauko ɗan waƙa, a bayansa ga 'yan amshi masu karɓa su mayar da gindi, suna rataye da kotsunansu suna bugawa da yatsu, ga mai kanzagi yana cike gurbi, ga sanƙira yana kirari yana shelar kyautar da aka yi. Galibinsu 'yan'uwa ne ko barori, sana'ar kuwa ta gado ce, yaro yana fara ta da ɗaukar kaya, sa'an nan a miƙa masa ƙaramar ganga, sa'an nan a sa shi cikin amshi, kuma ba ya zama jagora sai ya manyanta, wani ma sai da furfura. Ubangida, sarki ne ko hakimi, shi ke ɗauke da ci da sutura da abin hawan wannan taro, saboda haka waƙa guda tana rataye ne a wuyan mutane da yawa, kuma ba ta samuwa sai sun hallara a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya.

Shi kuwa fiyano, asalinsa nesa ne ƙwarai. A shekarar 1887 wani mai gyaran agogo da kayan asibiti a garin Hamamatsu na ƙasar Japan, mai suna Torakusu Yamaha, ya gyara wa wata makaranta abin kiɗa mai maɓallai da ake hura wa iska da ƙafa, sa'an nan ya ƙera irinsa, kuma daga nan kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya samo tushe. A 1935 Laurens Hammond ya fitar da irin wannan abin kiɗa a Amurka, amma mai samar da sauti da wutar lantarki maimakon iska. A 1959 Yamaha ya fito da nasa mai suna Electone, a cikin shekarar kuma kamfanin Wurlitzer ya kawo wata na'ura mai buga ganguna da kanta ba tare da hannun mutum ba. Abin da ya saukar da wannan fasaha daga manyan ɗakuna zuwa hannun talaka ya auku ne a 1980, sa'ad da Casio, kamfanin da aka sani da agogo da na'urar lissafi, ya fitar da Casiotone, Yamaha shi ma ya biyo da ƙanana masu aiki da batir, waɗanda yaro ke iya saɓawa a kafaɗa. A 1983 kuma kamfanoni suka yi ittifaƙi a kan ƙa'idar da ake kira MIDI, wadda da ita kayan kiɗan lantarki ke aika wa junansu umarni, daga bisani har da kwamfuta.

Hikimar da ke cikin akwatin ta kasu kashi uku. Na farko, a ƙarƙashin maɓallansa farare da baƙaƙe, waɗanda galibi 61 ne, an ajiye muryoyin kayan kiɗa masu yawa, ta yadda maɓalli guda zai yi kukan sarewa yanzu, anjima ya yi na goge ko na ƙaho, gwargwadon lambar da aka zaɓa. Na biyu, wanda shi ne zuciyar al'amarin, kiɗan rakiya ne mai tafiya da kansa: an raba maɓallan biyu, hannun hagu yana danna sauti ɗaya ko uku a haɗe, nan take akwatin ya tayar da ganguna da amo mai kauri da sauran masu rakiya a kan wannan sauti, ya yi ta juya su a bisa saurin da aka ƙayyade masa da lamba, alhali hannun dama yana bin karin waƙa, akwai wurin dannawa domin buɗe kiɗa, da na sauya shi a tsakiya, da na rufe shi. Na uku shi ne ɗauka da adanawa, domin mai kiɗa yana iya ɗaukar ganguna tukuna, ya dawo ya ɗora sarewa a kansu, ya sake dawowa ya ɗora wani abu, hawa bisa hawa, in ya yi kuskure a ɗaya ya goge shi kaɗai ya bar sauran. Da waɗannan uku mutum ɗaya, a ɗaki ɗaya, ya zama jagora da makaɗa baki ɗaya.

Ba ƙasar Hausa kaɗai wannan akwati ya girgiza ba. A tsibirin Jamaika, a 1985, mawaƙi Wayne Smith da mai situdiyo Jammy sun ɗauki wani kiɗan rakiya da wata matashiyar ma'aikaciyar Casio, Okuda Hiroko, ta tsara a cikin ƙaramin akwati MT-40, suka gina waƙa a kansa, kuma daga nan kiɗan ƙasar ya karkata zuwa ga na'ura. Kusa da mu kuwa, a Yamai, Mamman Sani Abdullahi ya riga su: da wani akwati ƙirar Italiya mai suna Orla ya ɗauki kaset a gidan rediyon Nijar a 1978, yana zuba karin gargajiya a cikin sautin lantarki, aka yi shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, har wani kamfani a Amurka ya sake buga aikin a 2013.

A Nijeriya, fina-finan Hausa ne suka buɗe wa fiyano ƙofa. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya fim sun buƙaci kiɗa mai araha wanda zai ɗauki waƙar saurayi da budurwa irin wadda jama'a suka saba gani a fina-finan Indiya, kuma ba kowane mai fim ke da halin tara ƙungiyar makaɗa ba. Aka fara da ƙananan akwatunan Casio, sa'an nan, daga tsakiyar shekarun 1990, situdiyo irin na Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama suka kawo na Yamaha jinsin PSR, har da PSR-730 mai adana kiɗa a faifan kwamfuta. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ke sayar da fim, domin matasan da ke danna akwatin sun lalubo muryoyin da suka yi kama da sarewa da kalangu da bandiri, kunnen Bahaushe ya ji wani abu nasa a cikin baƙon sauti. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin wannan tarihi a rubuce-rubucensa. Daga wannan tushe waƙoƙin nanaye suka tsiro, kuma a kansa Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa, da Fati Nijar, da Nura M. Inuwa, da Dauda Kahutu Rarara suka yi suna, kowa da fagensa.

Hanyar da sautin ya biyo zuwa arewacin Zamfara tsohuwa ce. Tun da layin dogo ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929, yankin ya saba da fitar da gyaɗa da auduga ya karɓi kayan zamani. Aka ga garmaho, aka ga rediyo, wadda ta kai muryar Narambaɗa da Ɗanƙwairo inda ƙafarsu ba ta taka ba, sa'an nan kaset ya cika rumfuna a kasuwanni irin ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, kafin wayar salula da memori su gaje shi. Zuwan fiyano ya yi daidai da wasu manyan al'amura: ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, dawowar mulkin siyasa a 1999 wanda ya buɗe kasuwar waƙoƙin jam'iyyu, da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa kuwa daɗaɗɗe ne; Imamu Gazali ya keɓe wa sauraro babi a cikin Ihya'u, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi sun yi rubutu suna rarrabe gangar yaƙi da ta shela da ta aure daga kiɗan lahawu. Da fiyano ya shiga cikin begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda a da aka san murya zalla ko bandiri, sai mas'alar ta sake tasowa, wasu suka kyautata zato ga niyyar masu yi, wasu suka ga rashin ladabi ne ga wanda ake yabo.

Adalci ya wajabta a faɗi alherin wannan akwati. Ya rushe katangar gado, har ɗan malami da ɗan manomi da 'ya mace, waɗanda al'ada ta nisanta da ganga, suka sami hanyar fitar da baiwar da Allah Ya ba su. Ya 'yantar da mai fasaha daga jiran ubangida, ya samar wa matasa masu yawa abin yi, ya kuma riƙe harshen Hausa a bakin samari a zamanin da waƙoƙin wasu al'ummai ke kwararowa ta kowace kafa.

Amma kuma akwai hasara, kuma mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin nauyinta. Kalangu da kotso magana suke yi: makaɗi yana matse tsarkiya ya sassauta, sauti ya hau ya sauka a bisa hawa da saukar harshen Hausa, har ɗan tauri ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake, basarake ya ji kirarin kakanninsa ba tare da an buɗe baki ba. Muryar gangar da aka ajiye a cikin akwati bugu ne da aka ɗauka sau ɗaya ake maimaitawa, ba ta san sunan kowa ba. Sa'an nan a tsohon tsari kiɗa ne ke bin mawaƙi, in ya ja zance makaɗa su jira shi, in fage ya yi zafi su ƙara wuta. A sabon tsari kuwa mawaƙi ne ke bin na'ura, yana yanka maganarsa daidai da awon da aka ɗaura masa. Al'amarin ya yi kama da na injin niƙa, wanda ya hutar da mata daga wahalar dutse, amma ya tafi da waƙoƙin da suke yi a kansa. Mafi girma duka, kowane ɗan amshi ɗalibi ne mai haddace salsalar sarakuna da tarihin garuruwa, kuma ranar da aka daina buƙatarsa silsilar wannan ilmi ta fara yankewa.

A kan wannan kuma ga musibar rashin tsaro da ta addabi Zurmi da Shinkafi da Ƙaura shekaru da dama, wadda ta raunana gayya da farauta da damben kaka, watau fagagen da makaɗin gargajiya ke ci da koyarwa a cikinsu. Saboda haka zargin fiyano ba zai amfane mu da kome ba, abin yi shi ne a juya fasaharsa ta ɗauka da adanawa zuwa ga hidimar abin da ya rage. Larabawa da Turkawa da Indiyawa sun riƙe kiɗansu da ƙarfi har Yamaha ya ƙera musu akwatuna masu awon sautinsu da gangunansu, kuma manyan akwatunan yau suna karɓar sautin da mai su ya ɗauko da kansa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi gagarumin aiki wajen tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Abin da ya saura shi ne hannun makaɗan kansa. Haƙƙi ne a kan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da masarautun yankin, da matasan situdiyo, su nemi dattawan da suka rage a Birnin Tsaba da Magarya da Moriki da Badarawa, su ɗauki kowane take da sunan mai shi da ma'anarsa, su biya su haƙƙinsu, su kuma zaunar da yara a gabansu su koya da hannu. Wannan aiki farali ne na kifaya a kan mutanen ƙasar, kuma lokacinsa yanzu ne, tun masu ilmin suna da rai da ƙarfin bugawa.