Darasin Darwin a makarantar gwamnati: yadda na gaba suka yi da shi

 

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani ɗan'uwa mai aikin gini a nan Sabha ya tsayar da ni a bakin masallaci. Ɗansa yana ajin ƙarshe na sakandaren gwamnati a Kano, shi ne ya gaya masa ta waya cewa an koya musu nazariyyar Darwin, wadda Larabawa ke kira nazariyyatut taɗawwur. Ya ce da ni: "Allah gafarta Malam, ina nan ina ɗora bulo cikin rana ina aika kuɗi, ashe kafirci nake saya wa yaro? Ni dai cire shi zan yi." Na ce masa ya dakata tukuna. Wannan gardama ta girmi kakanninmu, kuma an riga an ga inda kowace hanya ta ɓulle.

Charles Darwin mutumin Ingila ne. A 1859 ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne, masu rai suna sauyawa sannu a hankali cikin dogon zamani, wanda ya fi dacewa da muhallinsa shi ke tsira ya bar baya, har wani jinsi ya fita daga wani. A 1871 ya shigar da ɗan Adam cikin lissafin. Nan ne ƙura ta tashi.

Rikicin makaranta na farko a ƙasashen Larabawa a Bairut aka yi shi, kuma tsakanin Kiristoci. A 1882, a kwalejin 'yan mishan wadda yanzu ita ce Jami'ar Amurka ta Bairut, wani malami mai suna Edwin Lewis ya yaba wa Darwin a jawabin yaye ɗalibai. Shugabannin kwalejin suka fusata, aka matsa masa ya ajiye aiki. Ɗaliban likitanci suka ƙaurace wa azuzuwa, wasu manyan malamai suka yi murabus, cikinsu har da Van Dyck. Su ne kuwa masu koyar da likitanci da Larabci, saboda haka tafiyarsu ke da wuya aka mayar da karatun da Ingilishi. Ni malamin Larabci, wannan ya fi ci mini rai: an kori malami, maganar Darwin ba ta mutu ba, Larabci ne ya rasa kujerarsa.

Malaman Musulunci na wancan zamani sun ba da amsa iri biyu. Jamaluddin Afgani ya rubuta raddi ga Dahriyya a Indiya a 1881, Muhammad Abduh ya juya shi zuwa Larabci. Afgani ya yi wa Darwin ba'a, cewa a bisa ra'ayinsa ƙuma ma tana iya zama giwa in zamani ya yi tsawo. Ainihin abokan faɗansa su ne masu cewa babu Mahalicci, a nan kuwa ya yi daidai. Sai dai ba'a ba ta kwance shubuha a zuciyar ɗalibin da ya karanta darasin da idonsa.

Na biyu shi ne Shehu Husaini al-Jisr, mutumin Tarabulus ta Sham, ba tamu ta Libiya ba. A Azhar ya yi karatu, ya koma garinsu ya buɗe makaranta mai haɗa fiƙihu da tauhidi da lissafi da ilmin ɗabi'a. Rashid Rida almajirinsa ne. A 1888 ya fitar da Risalatul Hamidiyya. Da farko ya zayyana hujjojin masu taɗawwur kamar yadda su da kansu suke faɗa, sannan ya auna su da ma'aunin malaman usulu, wato rabe dalili ƙaɗ'i da dalili zanni. Ya ce zahirin nassi shi ne Allah Ya halicci Annabi Adamu kai tsaye, kuma ba a barin zahirin nassi saboda zato. Ya ƙara da cewa in an wayi gari wani abu ya tabbata da dalili yankakke, to ƙofar tawili a buɗe take, domin ko a take Allah Ya yi halitta ko daki-daki, Shi ne dai Mai yi. Sarkin Musulmi Abdulhamid na Daular Usmaniyya ya karrama shi a kan wannan littafi. Ku lura, bai ce a rufe makaranta ba. Makaranta ya buɗe.

A Amurka ma an yi. Jihar Tenesi ta kafa doka a 1925 mai hana koyar da cewa mutum ya fito daga dabba. Aka gurfanar da wani malami, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. A 1968 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta soke irin wannan doka. Turkiyya kuma a 2017 ta cire babin daga manhajar sakandare. To, yau da waya ke hannun kowane yaro, cire babi daga littafi zai hana shi ji?

Mu dawo gida. Tun da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, iyaye ke ɗari-ɗari da boko, kuma suna da uzuri, don mai mulkin mallaka ne ya zo da shi. Amma manyanmu ba su tsaya a gudu ba. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Shehu Abubakar Gumi ya yi karatu a can. Daga bisani makarantun Islamiyya suka bazu. Hanyar al-Jisr ke nan a ƙasar Hausa.

Ɗaya hanyar kuma mun ga ƙarshenta. Muhammad Yusuf na Maiduguri ya haramta boko, cikin dalilansa har da nazariyyar Darwin. A hirarsa da BBC a 2009 ya haɗa ta da cewa ƙasa mulmulalliya ce, da cewa ruwan sama daga tururi yake, ya yi watsi da su gaba ɗaya. Wato ya zuba zanni da abin da ido ke gani cikin tukunya ɗaya. Malamai irin su Shehu Ja'afar Mahmud Adam sun yi masa raddi tun da wuri. Samari sun yayyaga takardun shaidarsu. A Fabrairun 2014 aka kashe ɗalibai a makarantar kwana ta Buni Yadi, a Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga Cibok. Ba ina kwatanta ɗan'uwana maginin nan da su ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina nuna inda rashin rarrabewa ke kai mutum ne in ba a yi masa linzami da ilmi ba.

To me za mu rarrabe? Abu uku ne. Na ɗaya, sauyin da ake gani. Da can kulorokwin na kashe zazzaɓin cizon sauro, yanzu ƙwayar cutar ta gagare shi a yawancin ƙasashenmu. Likitan da bai san dalilin haka ba zai cuci majinyaci. A nan Fezzan ma, ku je Wadi Matkandush ku ga zanen giwa da raƙumin dawa da kada a jikin dutse, a wurin da yau babu komai sai ƙuna. Duniya tana juyawa da izinin Mai ita, wannan bai taɓa imanin kowa ba. Na biyu, labarin asalin jinsuna, wanda masana ilmin halittu ke kafa masa hujja da ƙasusuwan da aka tono da binciken ƙwayoyin gado. Ɗalibi ya san shi yadda suke faɗarsa, ba yadda ake yi masa ba'a a majalisa ba, alhali yana riƙe da aƙidarsa cewa Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, uban mutane ne, Allah Ya halicce shi daga yumɓu Ya girmama shi. Na uku, da'awar cewa tunda an gano sababi, to babu Mai sababi. Wannan ita ce Dahriyya, ba a ɗakin gwaji aka samo ta ba, ra'ayi ne, kuma ɓatacce.

Abin da na gaya wa ɗan'uwan nan ke nan: ya bar yaro ya gama karatunsa, ya rubuta jarrabawa ya ce Darwin ne ya ce kaza, don mai hakaito magana ba shi ne mai ita ba. Kuɗin da yake aikawa kuma ya ware wani abu na Islamiyyar yamma, wajen malamin da ba ya tsawa in an yi masa tambaya. Ku ɗalibanmu na madarasa, duk wanda aka koya wa abin da ya dame shi, ya kawo littafin ranar Asabar bayan la'asar, mu buɗe shafin mu karanta tare. Mu malamai ma sai mun karanta kafin mu yi fatawa, don wanda bai san abu ba raddinsa dariya yake ba wanda ya sani.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani. Allah ne Mafi sani.