Burtali da Doka a Ƙasar Madobi, Kura da Bunkure

A da, bayan kaka, manomi kan gayyaci makiyayi gonarsa, shanu su ci kara, su bar masa taki. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe filayen kiwo, amma kaɗan aka tabbatar. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya iso Kadawa, gonaki suka daina hutawa da rani. Alkama, shinkafa da tumatir suka hau filayen da shanu ke kiwo, burtali ya ƙuntata. A 2024 Majalisar Dattawa ta yi wa ƙudirin kafa gandun kiwo karatu na biyu. Darasin tarihi shi ne, duk dokar da ba ta shata burtali da mashaya ba, rikici za ta bar wa 'yan baya.