Laburaren Aro: Yadda Littafi Ya Riƙa Yawo a Kudancin Kano

Idan aka tambayi mutumin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa da ya yi firamare a shekarun 1970 ko 1980 wane littafi ne ya fi kwanta masa a rai, ba a daɗewa ana jiran amsa. Magana Jari Ce ne kan zo farko, sai Ruwan Bagaja, sai Iliya Ɗan Maiƙarfi ko Shaihu Umar. Tambaya ta biyu ce ba a cika yi ba: a ina ka same shi? Wani a hannun yayansa da ke makarantar kwana, wani a kabad ɗin ofishin hedimasta, wata kuma a ɗakin amaryar maƙwabta. Da wuya ka ji an ambaci gini mai kantoci da kujeru da ma'aikacin da ke buga hatimi. Matsayin wannan maƙala shi ne, tarihin karatu a wannan yanki tarihin aro ne, kuma duk nazarin da ya auna son karatun mutanensa da yawan laburaren gwamnati ya ɗauki mudun da bai dace ba.

Yankin dai ba baƙon littafi ba ne. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake, kuma sai da ya riƙe allo kafin ya riƙe hanyar fatauci. A makarantun zaure, ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani kan shiga Ahalari da Ishimawi da Iziyya har zuwa Risala, kuma sau da yawa ba da littafinsa yake farawa ba. Na malam ko na wani babban ɗalibi yake karɓa, ya kwafa, ya mayar. Tun a can al'adar ta kafu cewa littafi abin girmamawa ne, hana aronsa kuma rowar ilimi ce. Da littattafan boko suka iso, wannan shimfiɗar suka tarar.

Daga Zariya suka fito. Gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam ya biyo da Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939, kuma domin 'yan makaranta aka wallafa shi. Ke nan ta ƙofar aji ya shiga gari, ba ta shago ba. Lokacin da shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) ya soma a 1976, makarantu suka bazu ƙauyuka, yara suka cika azuzuwa, amma littattafai ba su ƙaru daidai da su ba. Sai kwafi guda ya zama na unguwa.

Wanda ya taɓa riƙe irin wannan kwafi ya san kamanninsa. Bangon asali ya daɗe da tafiya, an yi masa sabo da takardar buhun siminti, an ɗinke bayansa da zare. Gefen shafuka ya yi baƙi da tafin hannu, ga ɗigon kananzir, ga sunayen mutum huɗu ko biyar a shafin farko, kowa ya soke na wanda ya gabace shi. Shafukan ƙarshe su ke fara ɓacewa, don haka yaro kan kai inda labari ya yi daɗi ya tarar babu, sai ya nemi wanda ya karanta cikakke ya ƙarasa masa da baki. A nan karatu da tatsuniya suka haɗu. Shi ya sa za ka sami dattijon da ke ba da labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja tiryan-tiryan, alhali rabin labarin ji ya yi.

Nisa ma ya taka rawarsa. Babban laburaren jiha, na Murtala Muhammad, yana cikin birnin Kano. Yaron Riruwai sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya ga ƙofarsa. Ko a Bebeji da ke kusa, littattafan Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda na lauyoyin gobe ne, ba na ɗan aji uku a Tiga ba.

A ƙarshen shekarun 1980 aro ya sami sabon jini da ɓullowar Adabin Kasuwar Kano. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun bi motocin kasuwa sun shiga gidajen kulle. Mai hayar littafi kan rubuta sunan mai karɓa, ya yanke kwanakin mayarwa, ya caji wanda ya yaga. In ba laburare ba, me za a kira wannan? Masana sun yi ta jayayya a kan ingancin waɗannan littattafai, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen suna da hujja. Amma ni a ganina babban alherinsu bai samu yabon da ya kamata ba: sun riƙe karatun matan da aure ya raba da aji, waɗanda da ba don su ba da haruffa sun kuɓuce musu.

Duk da haka, bai kamata daɗin tuna baya ya rufe mana ido ba. Aro yana yaɗa abin da ke akwai ne, ba ya kawo sabo. Yadda kowa ke ambaton littattafai huɗu ko biyar iri ɗaya shaida ce ta ƙarfin alƙalamin marubutansu, amma kuma shaida ce ta ƙarancin zaɓi. Ina littafin taurari, ina na tarihin Kano, ina na haƙar kuza da aka yi a Riruwai, a rubuce da Hausar da yaro zai gane? Yau kuma labarai sun koma waya, suna yawo ta WhatsApp. Babba ya samu, amma ɗan shekara takwas ba shi da waya, kabad ɗin hedimasta kuma a makarantu da dama fayau yake. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin lamarin duka.

Saboda haka kirana ga shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai shi ne, kada su jira ginin bene. Su sa akwatin littattafan Hausa a kowace firamare da islamiyya, a damƙa shi ga malami guda da rajistar aro, a bar yara su tafi da littafi gida. Manazarta na Jami'ar Bayero kuma su je su naɗi bakin tsofaffin malaman firamare da masu hayar littattafai tun suna raye.