Yadda Ɓerayen Toronto Suka Sauya Mana Tunani

Mu da muka daɗe muna aikin bakteriyar hanji, a da ba mu cika damuwa da ko bayan gidan da aka kawo ɗakin gwaji na namiji ne ko na mace ba. Mazan ɓeraye ma aka fi so, bisa zaton cewa sauye-sauyen jikin mata na dagula lissafi. A 2006 wani bincike a Faransa, Jamus, Italiya da Suwidin ya gano bakteriyar Bacteroides da Prevotella sun fi yawa a cikin maza, amma maganar ba ta yi nisa ba.

Sai a 2013 abin ya fashe. Jayne Danska da abokan aikinta a Toronto suna nazarin wasu ɓeraye da matansu suka fi mazansu kamuwa da ciwon sukari nau'i na 1. Da aka raine su ba tare da bakteriya ko ɗaya a ciki ba, bambancin ya gushe. Sai suka ɗebo abin da ke hanjin manyan maza, suka ɗura wa ƙananan mata da aka yaye. Sinadarin testosteron ya ƙaru a jikinsu, ciwon kuma ya ragu sosai. A shekarar dai, Alexander Chervonsky a Jami'ar Chicago ya nuna cewa bambancin kan fito ne bayan balaga, kuma idan aka dandaƙe namiji, hanjinsa kan koma kusa da na mace.

Da muka juya kan ɗan Adam, sai muka tarar bambancin na nan, amma ƙarami ne, kuma a cakuɗe yake da abinci. A 2014 an gan shi a wurin mutanen Hadza na Tanzaniya, inda mata ke haƙo saiwoyi su fi cin su, maza kuwa su fi samun nama da zuma. Wani bincike a Beljiyam a 2016 ya nuna taurin bayan gida na cikin manyan abubuwan da ke tafiya da nau'in bakteriyar mutum, ga shi kuma abinci ya fi jimawa a hanjin mata.

A 2016 hukumar NIH ta Amurka ta fara buƙatar masu neman kuɗin bincike su sa jinsi a lissafinsu. Wannan doka ta yi daidai, domin maganin da aka auna da jikin maza kaɗai, mata ne ke ɗaukar kasadarsa.